Kuɗinka ya maƙale a Minna kana Kudu: yadda ake zaɓen lauyan bashi da karayar arziki

Duk mai harkar kayan abinci a Mile 12 ko Bodija ya san motocin doyar da ke tasowa daga Paiko da Kasuwar Gwadabe ta Minna, da shinkafar Bida, da shanun Mariga da ake saukewa a Agege. Motocin nan kuma ba sa komawa wayam. Suna hawa da manja da goro da kayan gini da na lantarki, su bi ta Ilori da Jebba da Mokwa, su sauke a Kasuwar Kure da shagunan Bosso da Tunga. Kaso mai yawa na wannan ciniki a kan bashi yake tafiya: a ɗauki kaya yau, a turo kuɗi idan an sayar.

A da, wannan bashi yana da masu tsaronsa. Tun kafuwar Sabon Ibadan a 1916, fataken shanu da goro ba sa ba mahauci ko ɗan sari kaya sai da sanin maigida da dillalinsa, kuma idan aka samu tangarɗa ana ƙarewa ne a gaban Sarkin Hausawa. Wanda ya ci amana ya rufe wa kansa kasuwa. Har gobe tsarin yana aiki tsakanin mutanen da suka san asalin juna. Matsalar ita ce yanzu wanda ya karɓi kayanka sau da yawa kamfani ne, ko ɗan kwangilar da shi ma yake jiran gwamnati ta biya shi, ko mai injin casa da banki ke riƙe da takardun filinsa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, aka kuma saki darajar Naira a watan Yuni, jarin mutane da dama ya narke ba tare da sun ci ko kwabo na wani ba. Irin wannan, sarkin kasuwa zai iya kiran sa ya yi masa faɗa, amma ba zai iya taɓa asusunsa na banki ba.

To a nan ne maganar lauya take shigowa, kuma a nan ne mutanenmu suka fi yin asara ta biyu. Ana ɗaukar lauya ne don ɗan garinmu ne, ko don shi ya fito da yaron wane daga ofishin 'yan sanda, ko don ana jin sunansa a shari'ar zaɓe. Shari'ar bashin kasuwanci fanni ce mai zaman kanta, kuma ana gane wanda ya iya ta ne daga tambayoyin da zai yi maka kafin ya ambaci kuɗin aikinsa.

Wa kake bi, mutum ko kamfani?

Wannan ce tambayar farko, kuma ba ta da sauƙi kamar yadda ake zato. A ce kana Agege, ka ba wani Alhaji a Minna tirela biyu ta kaya. Shi ka sani, da shi ka yi magana, gidansa ka kwana. Amma rasit da takardar ɗaukar kaya suna ɗauke da sunan kamfaninsa. Idan rajistar da ya yi a hukumar CAC ta sunan kasuwanci ce kawai, wadda lambarta ke farawa da BN, to a idon doka shi da kasuwancin abu ɗaya ne, kuma hukunci zai iya hawa kan motarsa da gidansa. Idan kuwa kamfani ne mai lambar RC, doka tana kallon kamfanin a matsayin wani mutum daban. Bashin kamfani ba bashin Alhaji ba ne, sai fa idan ya sa hannu ya tsaya wa kamfanin da kansa, ko aka tabbatar da zamba. Wannan ƙa'ida ta samo asali ne daga shari'ar wani mai sana'ar takalma, Salomon, da aka yanke a Ingila a 1897, kuma kotunanmu suna bin ta har yau. Shi ya sa za ka ga kamfani ya mutu murus, mai shi kuwa yana shiga sabuwar mota, ba ka da ta cewa.

Lauyan da ya san aikinsa, tun kana zaune zai duba sunan a shafin CAC, sannan ya nemi cikakken rahoto: su wane ne daraktoci, ina ne ofishin da aka yi wa rajista, kuma ko akwai bankin da aka jinginar wa kadarorin kamfanin. Idan akwai fili ko gida a ciki, sai ya bincika takardunsa a ofishin filaye na jihar. Wanda ya ce maka "bar komai a hannuna, gobe za mu shigar da ƙara" bai ma ga rasit ba, ka ɗauki hularka.

Wace kotu?

Lauyoyi suna kiran wannan hurumi, kuma Kotun Ƙoli ta daɗe da yanke magana a kai, tun shari'ar Madukolu da Nkemdilim ta 1962: shari'ar da aka yi a kotun da ba ta da hurumi, komai kyanta, aikin banza ce. Kana iya shekara biyar kana zarya, ka yi nasara, a je ɗaukaka ƙara a rushe komai a ce a koma farko.

A Minna akwai Babbar Kotun Jihar Neja, akwai reshen Babbar Kotun Tarayya, akwai ƙananan kotuna da kotunan Shari'ar Musulunci. Bashin ciniki na yau da kullum, na sayar maka ba ka biya ba, na kotun jiha ne, ko da kamfani kake bi. Kotun Ƙoli ta jaddada haka a shari'ar Onuorah da matatar man Kaduna a 2005. Amma rushe kamfani, da ayyana mutum a matsayin wanda ya karye, da rigimar masu hannun jari, sashe na 251 na kundin tsarin mulkin 1999 ya keɓe su ga Babbar Kotun Tarayya ita kaɗai. Kuma ƙarar rushe kamfani ana shigar da ita ne a inda hedikwatarsa ko ofishinsa mai rajista yake. Kamfanin da injinsa ke Chanchaga amma adireshin rajistarsa na Abuja, tafiyar na iya kai ka Abuja.

Wasu za su ce me ya sa ba zan kai shi ƙara a nan Legas ba, tunda a nan ya ɗauki kaya? Wani lokacin ana iya yi, domin ana duba inda aka ƙulla cinikin, da inda ya kamata a biya, da inda wanda ake ƙara yake zaune. Legas ma ta buɗe kotunan ƙananan basussuka a 2018, masu saurin gaske. Sai dai kai sammacin kotun wata jiha zuwa wata jihar yana da ƙa'idojinsa: akwai rubutun da dole a sa a jikin sammacin, kuma dole a ba mutumin aƙalla kwana 30. An sha watsar da ƙara saboda an manta wannan layi guda. Sannan ko ka ci nasara a Ikeja, dukiyar tana Minna, sai an yi wa hukuncin rajista a can kafin ma'aikatan kotu su taɓa ko kujera. Lauya nagari zai auna maka hanyoyin biyu da kuɗinsu.

Kotun Musulunci fa? Tsakanin Musulmi biyu da ke rigima a kan bashi ko jarin haɗin gwiwa, tana da sauri da arha, kuma da Hausa za a yi. Amma idan abu ya kai ga kamfani da banki da jingina, ba nan ne gidansa ba.

Layin masu bin bashi

Dokar kamfanoni ta CAMA, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Agustan 2020, ta ba mai bin bashi wani makami mai kaifi. Idan kamfani yana riƙe maka da abin da ya haura adadin da doka ta ƙayyade, ka kai masa takardar neman biya a ofishinsa, mako uku ya wuce bai biya ba, doka tana ɗaukarsa a matsayin wanda ya gaza biyan bashi, kuma kana iya roƙon kotu ta rushe shi. Kamfanin da yake da kuɗi yana ja maka rai ne kawai, wannan takarda takan sa ya nemi sulhu da gudu, domin da zarar an buga sanarwar ƙarar a jarida, bankunansa za su fara ɗari-ɗari da shi.

Amma kotu ba ta yarda a yi amfani da wannan hanya a kan bashin da ake da jayayya ta gaskiya a kansa. Idan ya ce buhu ɗari sun zo a jiƙe, ko lissafinku bai zo ɗaya ba, to sai an fara tabbatar da bashin a kotun jiha. Abu na biyu kuma, wanda ba kowane lauya ne zai gaya maka ba: rushe kamfani ba kai kaɗai yake yi wa aiki ba. Da zarar kotu ta ba da umarni, za a naɗa mai tattara kadarori, duk sauran ƙararraki su tsaya sai da izinin kotu, kowa ya shiga layi. Masu jingina, wato galibi bankuna, su ne a gaba. Sai haraji da albashin ma'aikata. Sai ku da kuka ba da kaya a kan amana, ku raba abin da ya rage daidai gwargwadon bashin kowa. Masu kamfanin su ne na ƙarshe. Sau tari kafin layi ya iso kanku tukunya ta ƙare. Kai ka biya kuɗin shari'a, banki ya kwashe.

A fiƙihun Malikiyya da muka tashi da shi, wanda ya tarar da ainihin kayansa a hannun wanda ya karye ya fi kowa haƙƙi da su. Mutanenmu da yawa suna zaton haka abin yake a ko'ina. A dokar boko, da zarar mallaka ta koma hannun mai saye, kai ma ɗan layi ne kamar kowa, ko da buhunanka na jibge a sitonsa da tambarinka a jiki. Abin da ke kare ka shi ne a rubuta tun farko cewa kaya naka ne har sai an gama biya. Layi ɗaya ne a takardar ciniki, kuma irin aikin da ya kamata a ba lauya ke nan tun ana dariya da juna.

Idan bashin a bayyane yake, akwai takarda ko saƙon da ya amsa, manyan kotuna suna da gajeriyar hanya ta yanke hukunci ba tare da doguwar shari'a ba, matuƙar wanda ake ƙara ya kasa nuna kariya mai ma'ana. Bayan hukunci kuma ana iya sa kotu ta umarci bankunan da yake ajiya su biya ka kai tsaye daga asusunsa. Wannan ita ce hanyar da ta fi kawo kuɗi a hannu. Sai dai ga masu bin wata ma'aikata ko hukuma, kuma Minna gari ne na ma'aikata da 'yan kwangila, doka ta ce kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati ba a taɓa shi sai da amincewar Antoni Janar. Ka tambayi lauyanka yadda zai bi da wannan tun kafin ku fara.

Bari in tsaya a kan maganar 'yan sanda, don na san ita ce ta fara zuwa zuciyar mutum. Sashe na 32 na dokar 'yan sanda ta 2020 ya hana kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniya kawai, haka ma dokar shari'ar laifuka ta 2015. Kama ɗansa ko ƙaninsa a madadinsa ma haramun ne a doka. Wanda ka sa aka tsare zai iya maka ka a kotu kan tauye masa haƙƙi, a ci ka tarar diyya, ka wayi gari kai ne ake bi. Zamba daban, cekin bogi ma daban, wannan laifi ne mai ɗaurin shekara biyu tun dokar 1977. Amma lauyan da shawararsa ta farko ita ce a rubuta wa EFCC ko kwamishinan 'yan sanda takarda a kan cinikin doya, ni dai ba zan ba shi fayil ɗina ba.

Na Legas, na Abuja, ko na Minna?

A Amurka kowace jiha da lasisinta, lauyan wata jiha ba ya shiga kotun wata haka kawai. A nan ba haka ba ne. Duk wanda sunansa ke cikin kundin Kotun Ƙoli zai iya tsayawa a kowace kotu daga Badagiri har Kontagora. Don haka lauyanka na Legas yana da ikon zuwa Minna. Tambayar ita ce nawa zai ci maka. Duk zama sai kuɗin mota ko jirgi da masauki, kuma rabin zaman ɗagewa ake yi: alƙali ya tafi taro, ɗaya ɓangaren bai zo ba, ba a kai sammaci ba. Abin da yakan faru shi ne ya nemi wani matashin lauya a Minna ya riƙa tsaya masa, wanda bai san shari'ar ba, kai kuma kana biyan farashin babba.

A ganina, bashin ciniki na yau da kullum lauyan Minna ya fi dacewa da shi. Ya san rajistara, ya san masu kai sammaci, ya san wane siton ne na wa a Kpakungu ko Maitumbi. Amma Minna ƙaramin gari ne a wannan fuska, manyan 'yan kasuwa da lauyoyi duk sun san juna. Ka tambaye shi kai tsaye: ka taɓa yi wa mutumin nan ko kamfaninsa ko bankinsa aiki? Ƙa'idar aikinsu ta wajabta masa ya faɗa maka. Idan kuwa magana ta kai ga rushe kamfani, ko banki ya naɗa wanda zai karɓe ragamar masana'anta, ko hukumar AMCON ta shigo, to ƙwararrun wannan fanni sun fi yawa a Abuja da Legas. Abuja tafiyar 'yan sa'o'i ce ta Suleja, kuma can ake kai ɗaukaka ƙara daga Neja. Tsarin da ya fi aiki shi ne ƙwararren ya tsara takardu ya zo manyan zama, na Minna ya riƙe zirga-zirgar yau da kullum, kuma ka san su duka biyun da abin da kowa zai karɓa.

Muƙamin SAN ba a samun sa sai bayan aƙalla shekara 10 ana aiki, kuma girma ne na gaske. Amma ba ya nuna fanni. Wani a shari'ar zaɓe ya yi suna, wani a ta filaye. Ka tambayi kowane lauya: ƙarar rushe kamfani nawa ka taɓa shigarwa ko karewa, a wace kotu, yaya ta ƙare? Hukunci nawa ka mayar kuɗi a hannu? Cin shari'a daban, karɓo kuɗi daban. Sannan dokar 2020 ta ce ba kowane lauya ko akanta ne zai riƙe kamfanin da ya durƙushe ba. Sai mai gogewar aƙalla shekara biyar, wanda yake cikin ƙungiya irin su BRIPAN, kuma CAC ta ba shi izini.

Lauyoyin bogi ma suna nan, musamman a bakin kotuna da ofisoshin 'yan sanda. Lauya na gaskiya yana da lambar rajistar Kotun Ƙoli, yana da hatimin ƙungiyar NBA mai ɗauke da sunansa da yake mannawa a takardun da ya shirya, kuma reshen ƙungiyar na Minna zai iya tabbatar maka da shi. Ka duba ma wanda ya sa hannu a takardar ƙararka. A shari'ar Okafor da Nweke a 2007, Kotun Ƙoli ta ce takardar da aka sa wa hannu da sunan ofishin lauyoyi, ba sunan lauya mutum ba, ba ta da amfani. Shari'o'i masu yawa sun mutu a kan wannan bayan shekaru ana fafatawa.

Maganar kuɗi a yi ta a rubuce, kuma dokar ladan lauyoyi ta 2023 ma haka ta tanada. A fayyace kuɗin aiki, da kuɗin da kotu ke karɓa wanda yake da rasit, da kuɗin fitowa kowane zama. Wannan na ƙarshen a sa masa ido, domin wanda ake biya duk fitowa ba ya jin zafin ɗagewa. A shari'ar bashi an halatta a yi yarjejeniyar kaso daga abin da aka karɓo, kuma hakan yakan sa lauya ya duba tun farko ko akwai abin karɓowa. A rubuta kuma inda kuɗin zai shiga idan an biya. Lauyan da ya riƙe kuɗin wanda yake wa aiki ana kai ƙararsa gaban kwamitin ladabtar da lauyoyi a Abuja, kuma ana cire suna daga kundi a kan haka.

Idan kai ne ake bi

Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Cikin masu karanta wannan akwai wanda mutanen Minna ko Bida ke bin sa kuɗin kaya, ko banki ya fara aiko masa da takardu. Kuskuren da aka fi yi shi ne kashe waya da ƙin karɓar sammaci. Kotu za ta ba da izinin a manna shi a ƙofarka, a yi hukunci ba ka nan. Tun watan Agustan 2020 kuma Babban Banki ya ba bankuna damar cire bashinsu daga duk asusun da ke haɗe da BVN ɗinka a wasu bankunan, idan ka sa hannu a kan haka lokacin karɓar rance. Kuskure na biyu shi ne mayar da gida ko mota sunan mata ko ƙani ana gab da rushewa, ko biyan suruki a bar sauran. Kotu tana da ikon warware irin wannan, kuma daraktan da ya ci gaba da karɓar kayan mutane alhali ya san ba mafita, ana iya ɗora masa bashin a kansa.

Dokar 2020 ta buɗe ƙofofin da babu su a da. Kamfani na iya zama da masu bin sa bashi a tsara biya a hankali ko a yafe wani kaso, idan mafi rinjaye suka amince ya hau kan sauran. Ana kuma iya naɗa ƙwararre ya riƙe kamfanin na kimanin shekara guda, a dakatar da masu ƙara da masu kwasar kaya, ko za a samu ya farfaɗo. Amma duk wannan na kamfani ne. Ɗan kasuwa shi kaɗai yana ƙarƙashin tsohuwar dokar karayar arziki ta 1979, wadda da wuya ka ga an yi amfani da ita, ga kuma tabon da take bari: wanda aka ayyana ya karye, ba a wanke shi ba, ba zai tsaya takarar majalisa ko gwamna ba. Ga irin wannan, aikin lauya shi ne sulhu a rubuce, a kai kotu ta mayar da shi hukunci, yadda ba wanda zai tayar da maganar gobe. Ana iya yin zaman a gaban shugabannin kasuwa ko Sarkin Hausawa, lauya ya rubuta abin da aka cimma.

Ko kai ke bi ko kai ake bi, lokaci yana ƙirgawa. A Legas bashin ciniki yana mutuwa a kotu bayan shekara shida, a Ribas biyar, kuma kowace jiha da dokarta. Kunya da "bari mu ga bayan Sallah" sun cinye haƙƙin mutane da yawa. Idan wanda kake bi ya amsa bashin a rubuce ya sa hannu, ko ya biya wani abu daga ciki, lissafin yakan sake farawa, don haka ko ba ka shirya zuwa kotu ba, ka samu wannan takarda. Ranar da za ka ga lauya ka tafi da littafin bashi, da rasit, da takardun lodi, da sunan direba da dillalin da aka yi a gabansu, da bayanan asusunka na banki. Saƙonnin WhatsApp da na murya kotu tana karɓa a ƙarƙashin dokar shaida ta 2011, amma da sharuɗɗa, saboda haka kada ka sayar da wayar ko ka goge komai. Idan ba ka karanta Turanci, ka tabbata an fassara maka takardar rantsuwarka kafin ka sa hannu, an kuma rubuta a jikinta cewa an fassara, domin a kan abin da ke cikinta lauyan ɗaya ɓangaren zai yi maka tambayoyi ranar da ka zo Minna ba da shaida.